Minti Biyar ko Shida Tsakanin Pala da Lere

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Shekara uku ke nan da dawowata Dakoro, kuma sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagewa, don duk sa'ad da na kai tsakiya sai in ji kamar zan tona asirin wani dattijo da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Abin da ya sa na daure yau shi ne na je kasuwar Kornaka da ta wuce, na same shi ya ƙara tsufa, idonsa ya fara dushewa, kuma ya sake ba mutane labarin nan a gabana yana nuna ni da sanda. Zan kira shi Baba Nomau, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Dalilin ɓoye sunan zai fito a ƙarshe.

Ni mutumin Rumbu ne. Ubana mai raƙuma ne, yana ɗaukar gero da kanwa daga kasuwa zuwa kasuwa. An kama ni lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na yi shekara shida, na samu sartifika. Malaminmu yakan ce ban fi kowa ƙwaƙwalwa ba, amma na fi kowa sake dubawa. Gaskiya ya faɗa. Har yau in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Na ji an ce a ƙasar Cadi ana neman masu karatun Faransanci, na kama hanya ta Kano.

A Yarwa aka fara koya mini baƙunta. A tashar motoci wani mutum mai farar riga ya gaishe ni da Hausa mai daɗi, ya tambayi inda za ni, ya ce ai shi ma ɗiyan gwaggonsa suna Tasawa. Ya ce ba a ƙetare iyaka da takardar lakwal sai an buga mata hatimi, kuma ya san mai hatimin. Na ciro sartifikata daga cikin layar fata da uwata ta ɗinka mata, na miƙa masa da hannu biyu. Na zauna a gindin wani bango daga hantsi har rana ta faɗi, bai dawo ba. Wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da ƙosai ta yi ta kallona, can ta aiko mini da guda biyar a ganye. Ina jin ta sha ganin irina a gindin bangon nan.

Na isa Fort-Lami, babban birnin Cadi, ba ni da abin da zai nuna na taɓa shiga aji. Duk biron da na shiga, wato ofis, sai a ce, "Ina takarda?" Wata huɗu na yi a unguwar Hausawa ina dako a bakin kogi. A nan na san kewar gida ba a zuciya kawai take zama ba, har a baki take. Suna cin kifi safe da yamma, ni kuwa furar gero da nonon raƙumi nake mafarki. Daga baya wani ɗan dako ya ce a kudu akwai kamfanin auduga da ke ɗaukar masu awo. Na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Bongor, aka ƙetare da mu kogi, na ƙarasa Pala a kan buhunan gishiri.

Pala gari ne mai itatuwa da jar ƙasa, ba Hausa ake yi a kasuwarsa ba, sai Filatanci da Larabci da harsunan da ban taɓa ji ba. Ranar da na isa na nemi masallaci. Ina alwala, sai na yi shakka ko ruwa ya kai gwiwar hannuna, na sake. Na sake shakka, na sake. Sai na ji murya a bayana:

"Kai yaro, mi ruwan Pala ya yi maka?"

Na juyo. Wani dattijo ne baƙi, siriri, hannuwansa duk baƙin mai. Na gaishe shi. Yana jin gaisuwata ya ajiye butarsa.

"Wanga baki na arewacin Maraɗi ne. Ɗan wane gari?"

"Rumbu, Baba."

"Rumbu! Masu shan ruwan rijiya mai gaba arba'in. Shi ya sa ka ga ruwa ka haukace. Ni na Kornaka ne. Taso."

Shi ne Baba Nomau. Shekararsa ashirin da wani abu a ƙasar, kuma shi ke gyara ma'aunan kamfanin duka, manya da ƙanana. Bai iya karatu ba, bai iya Faransanci ba, amma in ya ɗora hannu a kan ma'auni yakan san inda ciwonsa yake. Washegari ya kai ni gidan gurzar auduga. Ya ɗora buhu a kan ma'auni, ya ce in karanta. Na duba, na sake dubawa, na ce allurar tana tsakanin zane biyu, ba ta kai na sama ba, ta wuce na ƙasa, ba zan iya cewa ɗaya ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ja ni gaban Anasaran wurin, ya sa aka gaya masa: "Wanga ba shi da takarda, amma ba shi ƙara ko rage. Abin da ya faɗi, shi ne." Haka na samu aiki. Daga ranar, duk abin da aka yi gardama a kansa, sai Baba ya ce, "A kira ɗan Rumbu."

Azumin shekarata ta biyu ya faɗo a tsakiyar bazara. Zafin ƙasar nan ba irin namu ba ne, mai nauyi ne, yana manne wa mutum a jiki. A cikin goman tsakiya Baba ya kamu da zawo. Kwana uku yana zarya bayan gida, idanunsa suka faɗa, amma ko a fuska bai yarda a ce ba shi da lafiya ba. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, kuma kowa ya san shi: tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ko na yini ɗaya ba.

A rana ta huɗu aka aiko cewa babban ma'aunin Lere ya lalace, motoci sun yi layi. Kamfanin yana da wani ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, kuma da safen nan zai kai wani baƙo da ya zo daga Faransa can Lere. Anasaranmu ya ce a saka Baba a ciki, ni kuma in bi shi in yi tafinta, in riƙe duwatsun gwaji.

Dole in faɗi gaskiya: na ji tsoro, amma son gani ya fi tsoron yawa. Tun ina lakwal nake ganin jirgi yana wucewa bisa Maraɗi ina tambayar kaina yaya muke a idon na ciki. Filin jirgin Pala ba komai ba ne sai doguwar shara da aka share, da wata bukka, da tsumma a kan sanda mai nuna iska. Ina da agogon hannu da na saya a wurin wani tsohon soja. Ƙafafun jirgi na barin ƙasa na duba shi, don ina so in san minti nawa ake yi, in ba mutanen gida labari.

Abin da na gani ya wuce abin da na zata. Garuruwa suka koma kamar an kifa ƙananan ƙore a faifai. Hanyoyin ƙafa, waɗanda in kana kansu kake ganin sun miƙe, ashe a karkace suke kamar sawun maciji. Kowace tana kauce wa wata bishiya ko wani dutse. Na ga garken shanu, na ga inuwar jirginmu tana gudu a kan gonakin auduga da aka riga aka cire, tana tsallake rafi ba ta jiƙe ba. Na taɓa Baba in nuna masa. Idonsa a rufe, leɓɓansa sun tsage, yana jan carbi.

Can sai ga tafkin Lere, faffaɗa, yana walƙiya. Baƙon ya yi wa matuƙi magana, matuƙi ya kwantar da jirgi gefe guda, muka sauko ƙasa-ƙasa muna zagaya ruwan. Dorinai ne. Ban taɓa ganin dorina ba sai a hoton littafin aji. Na ga bayansu kamar duwatsu masu rai, ɗaya ta wage baki, wata ƙarama tana bin uwarta. Muka zagaya, muka sake zagayawa. Ni da nake duba agogo ko tuwo zan ci, a wannan lokacin na manta da akwai agogo a hannuna. Sai da ƙafafun jirgi suka daki ƙasa na tuna. Minti talatin da bakwai daga tashi zuwa sauka.

Baba ya sauko da ƙafarsa, ya yi taku uku, ya zube. Muka ja shi ƙarƙashin fiffiken jirgi inda ke da inuwa. Rana ko tsaka ba ta kai ba. Fatarsa ta bushe, in ka ja ta sai ta tsaya. Matar mai gadin filin, wata 'yar ƙasar da ba Musulma ba, ta rugo da ƙwaryar ruwa da ta jiƙa tsamiya a ciki, ta durƙusa a gabansa tana riƙe da ita. Matuƙin ya dube shi, ya ce mini da Faransanci, "Mutumin nan in bai sha ruwa yanzu ba, a nan za ku binne shi."

Na durƙusa. "Baba, marar lafiya ai an yi masa sauƙi."

"Wa ya ce maka ban da lahiya?" Muryarsa kamar ta fito daga cikin tulu. "Jirgi ne ya juya mani ciki."

"To matafiyi fa? Shi ma an yi masa sauƙi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Tahiya? Mun tashi da hantsi, mun sauka da hantsi. Ko takalmina bai yi ƙura ba."

Na ce na sha jin malamai suna cewa nisan ƙasa ake dubawa, ba daɗewa a hanya ba. Ya mayar da idon ya rufe. Sannan ya ce malaminsa na Kornaka ya koya masa cewa tafiyar da ke ba mutum damar sha ita ce ta kwana biyu ga raƙumi mai kaya. Kamar ka tashi daga Dakoro, ka wuce Kornaka, ka ƙara kusan yini guda.

"In ta kai haka, na sha," in ji shi. "In ba ta kai ba, ku bar ni da Ubangijina. Kuma ban ce hanyar mota ba, ita kwana-kwana gare ta. Hanyar da muka biyo nike nuhi, ta shirwa. Tahi ka auno, ɗan Rumbu. Abin da ka faɗi, shi ne."

Na ruga wurin matuƙi, yana shan taba a bakin bukka. Na ce masa da Faransanci, "Mushe, kilomita nawa ne daga filin Pala zuwa nan?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Rabin awa, ko da ɗan ƙari."

Na ce nisa nake tambaya, ba lokaci ba. Ya ce shi da minti yake sanin hanya, da kuma man da ya ƙone. Wannan 'yar tsallakar ma ba ya ɗauko mata taswira, kogi yake bi da ido. Na tambayi gudun jirgin. Ya ce kilomita ɗari da hamsin a awa, in iska ba ta tura ba, ba ta tare ba. Na ce yau fa? Ya kalli tsumman nan na kan sanda, ya ce yau babu wata iska. Na ce to zagayen da muka yi a kan dorinai, minti nawa ne?

"Biyar. Shida. Me ya dame ka da shi? Ka ba tsohon ruwa!"

Na zauna a ƙasa, na ɗora takardar aiki a gwiwa. A lakwal an sha ba mu lissafin jirgin ƙasa mai gudu kaza da ya yi awa kaza, mu da ko reluwe ba mu taɓa gani ba. Ban taɓa zaton ran mutum zai rataya a kan irin lissafin nan ba. Tafiyar raƙumi na san ta, don na bi ubana a hanyar Maraɗi zuwa Tasawa ina ƙirga duwatsun kilomita da ke bakin hanya: raƙumi mai kaya yakan ci arba'in a yini. Kwana biyu, tamanin ke nan. Zagayen tafki ba tafiya ba ne, dole a cire shi. Na cire minti biyar daga talatin da bakwai, na buga: tamanin cif. Na cire shida, na buga: saba'in da bakwai da rabi.

Na sake bugawa. Na sake. Amsa biyu suka tsaya suna kallona, kuma wanda ya kamata ya san ko biyar ne ko shida ni ne, mai agogo a hannu, na tsaya kallon bakin dorina.

Na koma ƙarƙashin fiffike. Matar nan tana nan yadda na bar ta, ba ta ajiye ƙwaryar ba. Ƙuda ya sauka a leɓen Baba, bai kore shi ba.

"Ta kai?" in ji shi.

Na ninke takardar ta yadda lissafi ɗaya ne kawai ke sama, ko da yake na san ba ya karatu.

"Ta kai, Baba."

"Daidai?"

"Tamanin cif."

Ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya yi bisimilla, na tallafi kansa, matar ta kafa masa ƙwarya. Ya sha kaɗan, ya huta, ya sha kaɗan, ya huta. Ina jin ƙarar ruwan yana sauka a maƙogwaronsa. Matar ta yi wata magana da harshensu, ta shafa masa sauran ruwan a goshi.

Kwana biyu ya yi kwance a gidan mai gadin, tana dama masa kunu. Tun da matafiyi ne a ganinsa, bai yi gardamar sha ba. A rana ta uku ya tashi, ya kwance ma'aunin Lere, ya ciro wani ɗan ƙarfe da ya cinye, ya goge wani ya sa. Muka koma Pala a kamiyo. Na yi niyyar in ƙirga hanya, amma babu duwatsun kilomita, kuma ko da akwai, ba ita ya tambaya ba. Muna cikin motar ne ya dafa gwiwata, ya ce:

"Allah ya sa kana nan, ɗan Rumbu. Da ba ta kai ba na sha, azumi sittin na kaffara ke bisa kaina, a jere. Kuma wallahi sai na yi su."

Na san zai yi. Bayan salla ya rama kwana ukun nan, hankalinsa kwance.

Nawa hankalin ne bai kwanta ba. Na nemi matuƙin in sake tambayarsa, aka ce an mayar da shi wani wuri, wanda ya gaje shi kuma bai da lokacin mai awo. Shekara guda bayan haka ido ya fara hana Baba aiki, muka dawo gida tare. Na sauke shi a Kornaka wurin 'ya'yan ƙanensa, ni na samu aikin awon gyaɗa a Dakoro. Na roƙi magatakardan kumandan mai mulkin yankin ya nuna mini taswirar da ke bangon biro. Taswirar ta tsaya a tafkin Cadi. Pala da Lere suna wata ƙasar mulki dabam, ba a zana su ba.

Na kai maganar wurin wani malami a nan Dakoro, ban faɗi suna ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, kana wahal da kanka. Mutumin da ya zube ƙasa, ciwonsa kaɗai ya isa. Ko taku ɗaya bai yi ba, wajibi ne ya sha." Na yarda da wannan, kuma na gode masa. Amma Baba ba don ciwo ya sha ba. Don maganata ya sha. Ya ɗauke ni aiki ne ranar da na ce allura tana tsakanin zane biyu, kuma ranar da ta sake tsayawa tsakanin zane biyu, na kira na sama.

Yanzu duk ranar kasuwa yana zaune a rumfar wani mai sayar da igiya, in na je gaishe shi sai ya tara mutane. "Ni nan, sau ɗaya na taɓa shan azumi, shi ma a sama na samo shi. Tahiyar kwana biyu muka yi kamin hantsi ya ƙare. Ga wanda ya auna nan, ku tambaye shi." Sai a juyo a dube ni, in sunkuyar da kai, a ce kunya ce.

Saboda haka nake roƙon masu karatu. Na san wannan jarida tana kaiwa nesa hannu-hannu. Wataƙila a cikinku akwai wanda ya yi aikin filin jirgi, ko mai awon ƙasa, ko tsohon soja da ke da taswirar kudancin Cadi. Ina so in san nisan da ke tsakanin filin jirgin Pala da na Lere, a miƙe, daga shara zuwa shara, ba ta hanyar mota ba. In kuma akwai wanda ya taɓa hawa wannan jirgi a ranar da babu iska, ba a tsaya kallon dorinai ba, ya gaya mini minti nawa agogonsa ya nuna. A aiko ta hannun masu jaridar, a ce na mai awon gyaɗa na Dakoro ne.

In ta kai tamanin, zan ɗauki takardar in tafi Kornaka a ranar, in karanta ta a rumfar mai igiya da ƙarfi, kaina a ɗage. In ba ta kai ba, a gaya mini duk da haka, kada a ji tausayina. Zan koma wurin malamai in ji abin da ke kaina ni, in yi shi. Abu ɗaya nake roƙo: wanda ya gane dattijon nan daga labarina, kada ya kai masa. Azumi ya kusa, bana ma a bazara zai faɗo, kuma jikinsa ba zai ɗauki sittin ba.